Kek ɗin da na naɗe a kasko

Shekarar da mai ɗakina ta zame a bakin rijiya ta karye a hannun dama, a ita na koyi naɗa kek. Sana'arta ce tun kafin mu dawo Ƙofar Kwaya daga Batagarawa. Ba mu da obin, a kaskon suya take yi bisa gawayi. Wata Hajiya ta riga ta ba ta aikin walimar saukar 'yarta, ga hannu a ɗaure da karan ɗori.

Ni tela ne, ban taɓa fasa ƙwai a kwano ba. Na ce zan yi, amma kada kowa ya ji. Ba zan ɓoye ba, a majalisarmu ta bakin shago ina cikin masu yi wa namijin da ke shiga madafa dariya.

Tana zaune a tabarma tana faɗa mini. A kaɗa ƙwai da suga sai sun yi fari, a zuba fulawa da garin cakulan a hankali. A lulluɓe garwashi da toka, don wuta mai ƙarfi ƙasa take ƙonawa ta bar sama ɗanye. A zuba ƙullu kaɗan, a karkata kasko ya bazu. Da ya daina sheƙi sai a shafa narkakken cakulan, a naɗe tun da zafinsa, a tura naɗin gefe, a zuba sabon ƙullu ya kama bakinsa, a sake naɗewa a kai.

"Maigida, ba yadi ba ne, ka daina ja," in ji ta. "Lallaɓa shi."

Na farko-farkon duk sun tsage, yara suka cinye. Ranar da na yanka na ga zobe-zoben sun jeru, na daɗe ina kallo.

Ran nan abokina ya yi sallama da hantsi. Tare muka yi firamare, shi ya riƙe mini aure. Da a ce na fita na same shi a zaure, da shi ke nan, amma ina son wani ya ga aikina ya yaba. Na ce wa mai ɗakina ta shiga ɗaki, na shigo da shi tsakar gida.

"Mi nake gani haka, mutumina? Kai ne da ludayi?"

Na yanka masa, ya ci, ya miƙo hannu na ƙara.

"Wallahi ya fi na kanti."

"To, daga ni sai kai."

"Haba. Ni ne hwa."

Wayarsa na hannunsa. Na zaci saƙo yake dubawa.

Washegari bayan La'asar na isa majalisa na tarar an haɗa kai a kan waya. Ni ne a ciki, a tsugune, tsumma a kafaɗa, ina hura garwashi.

"Sannu da aiki, Hajiya," in ji wani mai shayi.

"Gwaggo, ana yin na suna?" in ji na kusa da shi.

Abokina na can ƙarshen benci yana dariya, ya ƙi kallona. Ya san da karayar mai ɗakina, don har dubiya ya zo. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta kashe maganar. Na tsaya ina jira ya faɗa, bai faɗa ba.

Sai ni na buɗe baki, abin da har yau nake istigfari a kansa. Na ce ita ta ishe ni da kuka, na yi ne don ta bar ni in sha iska. Ƙarya ce, ba ta taɓa roƙona ba. Dariyar ta ragu, aka matsa mini na zauna.

Kafin Magariba matan unguwa sun kai mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta aika aka kira ƙanwarta, ita ta ƙarasa aikin Hajiya. Da na kai hannu ga kasko sai ta ce, "Bari, Malam, kada a sake damun ka."

Na nemi gafararta, ta ce ta yafe. Na yarda, ko da yake muryarta ta daɗe ba ta dawo daidai ba.

Shi kuwa, da na tare shi a hanyar Babbar Kasuwa, cewa ya yi, "Wasa ne hwa, kai ma ka cika riƙo." Na jira ya ƙara wani abu, sai ya tambaye ni ko rigarsa ta Juma'a ta kammala. Na gama ɗinkin, na aika masa gida. Idan ya yi sallama ina amsawa, don an wajabta, amma iyakarsa zaure.