Gaisuwar Tama a Bayan Moto

Ku matso kusa in ba ku labarin ranar da na bar garinmu Tama, ni da ko kasuwar Buza sai an ja ni.

Yayata aure ya kai ta Agadas tun ina budurwa. Shekaru suka tura, idanunta suka mutu, sai ta aiko cewa muryar gida take son ji, ba ta cikin salula ba, wadda ke katsewa kafin a gama tambayar yara. Ni kuwa mota amai take sa ni. Sai autanmu, mai fataucin albasa, wanda gemunsa ya fara fari amma har yau Auta nake ce masa, ya ce zai kai ni bisa motonsa mai ƙafa biyu.

Da labari ya bazu, gidanmu ya cika. A wurinmu ba a cewa "kowa na gaishe ki" a wuce. Gaisuwa amana ce, kowa da tasa, kuma sai ka kai ta yadda aka ba ka. Matar liman ta ba ni tata a hankali, da addu'a a ƙarshe. Mai saida ƙuli ta ce, "Ki ce mata har yanzu haƙoran gaba biyu suna nan." Tsohon makwabcinmu ya yi tari kafin ya fara, ya yi tari da ya gama. Ban yi lakwal ba balle in iya rubutu, ban da inda zan aje su sai kunne. Tsorona ɗaya, kada ta wani ta faɗi a hanya, Yaya ta zaci an manta da ita.

Muka tashi bayan asuba, buhun albasa da bidon esansi, wato jarkar man moto, ɗaure a bayana. Tun daga hawan dutsen Buza na fara bitar su a bakina, kowace da muryar mai ita.

"Yaya, da wa kike magana?" in ji Auta.

"Tuƙa abinka. Matar liman ce."

"To ki ce mata ta riƙe ni da kyau, ga gangara."

Muka wuce Keita, wadda na san sunanta, da Ibohaman, inda muke da dangi. Bayan nan ƙasa ta fara sake fuska. Gonakin hatsi suka ƙare, jan dutse ya koma baya, sai fili da ƙaya da raƙuma. Ban taɓa sanin sama tana da faɗi haka ba. A Abalak muka hau gudron, titin kwalta, wanda ramukansa suka fi na hanyarmu, muka kwana gidan wani abokin cinikinsa. Matar gidan Buzuwa ce, Hausarta tana jan kalma kamar ba ta son sakinta. Na so in ɗauki muryarta, amma na ce a'a, kaina ya cika, kada baƙuwa ta ture 'yan gari.

A Ingal Auta ya tsaya shan shayi ƙarƙashin dabino, ya nuna mini tsoffin gidajen ƙasa masu ƙananan ƙofofi. Ƙugu na ciwo, ƙafafu sun kumbura, ni dai ina ta ƙirga mutanena da baki.

"Ko jandarma ya tare mu, ke za ki biya," ya ce. "Kin ɗauko gari guda bisa moto ɗaya."

Agadas kuwa tun daga nesa hasumiyar masallacinta ta tarbe mu, doguwa, ta ƙasa, da itatuwa a jikinta kamar tsani. Lungunan tsohon gari ƙunci gare su, har gwiwata tana gogar bango.

Na iske Yaya zaune bisa tabarma, ta rame, Hausarta ta ɗan karkace irin ta can. Ta shafa fuskata, muka yi kuka kaɗan, aka kawo hura. Sannan ta ce, "To, sauke kayanki."

Na fara, ban faɗi sunan kowa ba. Kowace murya na ɗauko, kafin in kai rabi ta ce wance ce, ko wane ne. Wani wuri ta yi dariya har da riƙe ciki, wani wuri ta ce, "Wayyo, ya tsufa." Na sauke su duka, ko ɗaya ba ta ɓace ba.

Sai ta karkata kai tana jira. "Saura ƙawata ta bakin rijiya. Ita ba ta ce komai ba?"

Ƙawar nan ta rasu da damina, ashe ba wanda ya gaya wa Yaya. Na buɗe baki, ban samu muryar da zan sa ba. Auta ya sunkuyar da kai.

"Bari, ƙanwata," ta ce. "Na ji." Ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a, muka shafa.

Ranar komawa ta ɗora mini amsoshi, gida gida. Da moto ya tashi ta kama zanena ta ce, "Har ita ƙawar tawa. Ki ce mata ina nan tahe, kuma tulun da ta fasa mini na yafe."

Na rarraba na kowa a Tama cikin yini guda. Wannan ɗaya tana nan cikin kunnena, da muryar Yaya. Na je bakin rijiyar, na tsaya, na dawo da ita. Ku da kuka fi ni yawo, gaisuwar da wanda aka aiko wa ya riga ya tafi, wa ake ba?