Ranar da Salukai Suka Cinye Cinyar Damisa

Ko tsufa ya kwashe min haƙora, Juma'ar nan ta bayan garin Riyad ba za ta fita daga kaina ba. Lokacin ina tuƙi, ina kwana a unguwar Shifa, kuma ni a ganina babu gwanin farautar damisa kamata. Ban taɓa kashe ko gafiya ba fa. A waya na yi karatuna, bidiyo bayan bidiyo, har yau ma ban daina ba.

Kawuna yana kiwon tumakin kafil ɗinmu, wato Balaraben da ya ɗauko mu aiki, a gonarsa. Wani abu ya fara ɗauke 'yan raguna, yana barin sawu kamar na ƙatuwar kyanwa. Kafil bai yarda ba, ya ce Kawu ne ke sayarwa, kuma in ɗaya ya sake ɓata, huruj zai buga masa, takardar barin ƙasa, ya koma gida. Mutum mai iyali a Gusau suna jiransa.

Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Damisa ce, karnuka za mu saka. Su bi wari, su kora ta kan bishiya, shi ke nan. Wannan ita ce farautar maza."

Abokinsa, wani Baba ɗan Damagaram mai gadi a gonar kusa, ya yi tsaki. "Ji yaro! Wace bishiyar, a hamada? Nama ake ratayawa a yi kwanto. Yunwa ce za ta kawo ta."

"Baba, wannan ai zaman jiran mota ne, ba farauta ba."

"To, sarkin dawa, Allah ya ja zamaninka."

Muka kasa daidaitawa, sai Kawu, sarkin adalci, ya ce kowa ya yi tasa, rana ɗaya. Ka ji hikima.

Da safe Baba ya rataya cinyar akuya da ya sayo a kasuwar Utaiƙa a jikin wata ƙaya cikin kwari, ya laɓe bayan dutse da gora. Ni kuma na kwanto salukai biyu na kafil, karnukan nan sirara masu kama da an yi musu azumin dole. Na danna hancin ɗaya a kan sawun, na ce, "Yalla!" Ya ɗago ya dube ni kamar na tambaye shi iƙama, katin zaman ƙasa. Ashe saluki da ido yake farauta, ba da hanci ba. Malamaina na waya ba su kai wannan babin ba.

Ido kuwa ya yi aikinsa. Suka hango cinya tana lilo, suka cilla kamar an harba su. Ni a baya ina haki, Kawu a bayana yana salati. Kafin mu isa sun yi wa abincin damisa walima, Baba yana zagaye su da gora yana, "Kai, 'ya'yan banza! Riyal ɗina!"

Muna cikin rabon laifi Kawu ya tsaya cak. "Wa muka bari a garke?"

Gwanaye uku, karnuka biyu, garke ba kowa.

Muka dawo a guje, muka sami damisar kwance a inuwar tankin ruwa, ɗan rago a bakinta. Irin damisar nan ce mai dogayen ƙafafu da Larabawa ke kira fahad. Salukai suka ɓuya bayana, jarumai. Kawu ya durƙushe yana, "Shi ke nan, na tafi Gusau."

Na yi abu ɗaya da na iya da gaske: na ciro waya na ɗauki hoto. Sai da na matso da hoton na ga jan abin wuya a wuyanta. Baba ya leƙa ya ce, "Lā! Ta ɗan mai gidanmu ce. Cewa suka yi sun kai ta wani gari."

Na tura wa kafil hoton. Kafin azahar ɗan maƙwabcin ya iso, ya yi mata fito, ta hau kujerar bayan mota kamar amarya. Kafil ya sauke fushinsa a kan maƙwabci, Kawu kuma ko "yi haƙuri" bai samu ba, amma yana nan da tumakinsa har yau.

Har yanzu ni ɗan karnuka ne, Baba ɗan kwanto, muna musu duk Juma'a. Amma na koyi abin da babu a bidiyo: kafin ka tafi neman damisa, ka bar mutum a ƙofar garke.