Nabor Mujiya, Ɗan Wasan Tsakiya na Alvarado

Duk wanda ya yi kallon ƙwallo a filin Alvarado a zamanin Nabor Zamudio, abin da zai fara gaya maka shi ne wuyan mutumin ba ya hutawa. Ƙwallo tana can a ƙafar wani, shi kuwa yana tsakiyar fili yana ta waige-waige kamar wanda ya yar da makulli. Kafin ta iso gare shi ya riga ya san inda zai tura ta. Ba shi da gudu, ba shi da tsawo, bugunsa ma ba ya firgita gola. Saboda juya wuyan nan 'yan kallo suka laƙaba masa Mujiya, sunan kuwa ya bi shi.

Ba ɗan garin ba ne. A Tultepec aka haife shi, a gidan masu haɗa wutar da ake harbawa sama ranar biki. Yana ƙarami wata tukunyar albarushi ta tashi kusa da shi a bayan gida. Ko yatsa bai rasa ba, sai dai kunnensa na hagu ya mutu tun daga ranar. Mahaifiyarsa ta kai kyandir coci ta yi godiya, ta kuma rantse ɗanta ba zai gaji wannan sana'a ba, ta kora shi waje ya je ya yi wasa da yara. A wasan layi, in aka biyo shi ta hagu ba ya jin takun kowa, sai dai ya ga an ɗauke masa ƙwallo ana dariya. Abin ya ishe shi, ya koyi dubawa.

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ko Don Leoncio, kocin da ya gan shi a wata gasar unguwanni ya kawo shi Masunta, kulob ɗin Alvarado da ke rukuni na biyu, bai sani ba. Tsohon yakan tsaya bakin fili yana tauna tsinke, yana cewa, "Yaron nan ko dai idanu gare shi a ƙeya?"

Chato Urbina, mai cin ƙwallon kulob ɗin, shi ne ya fi kowa ƙorafi.

"Kai Mujiya, na yi ta ihu har maƙogwarona ya bushe! Kunne ne ba ka da shi?"

"Na gan ka ai. Kana satar gida."

"Ni? Satar gida?"

"Kai da mai ɗaga tuta har kun zama 'yan uwa. Kullum sai ya gaishe ka."

Wadda ta fara gano shi Herminia ce, mai soya kifi a rumfar mahaifiyarta a ƙofar filin. Sun fara fita yawo bakin kogi da yamma, ta lura duk sanda ta tsaya a hagunsa sai ya san dabarar da zai zagaya ya mayar da ita dama. Wata rana ta ƙi matsawa, ta raɗa masa a wannan kunnen cewa ya cika rowa kuma takalminsa na wari. Ya yi murmushi ya ce, "Ni ma haka."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta gaya masa abin da ta faɗa, sai ya roƙe ta kada maganar ta fita, don wane kulob ne zai riƙe kurma a tsakiyar fili?

"A garin nan kam ka huta," in ji ta. "Rabin zagin kawai kake ji."

Gaskiya ta faɗa, don mutanen Alvarado ko gaisuwa za su yi sai sun haɗa da ashar. A shekarar suka yi aure.

A kakar wasansa ta biyar Masunta suka fitar da wani babban kulob na arewa daga gasar kofi. Nabor bai ci ƙwallo ba, amma duka biyun da Chato ya ci daga ƙafarsa suka fito. Kafin ƙarshen kaka kulob ɗin da suka doke ya saye shi. Can ne aka yi masa awon jiki irin wanda bai taɓa gani ba, har da sa masa abin ji a ka ana tambayarsa ta ina ƙara ke fitowa. Ya zauna yana jiran a ce ya tattara kayansa. Likitar, wata dattijuwa mai suna Arreola, ta zare tabarau ta zuba masa ido.

"Ɗana, to da me kake wasa duk shekarun nan?"

"Da wuya, likita."

Ba ta kore shi ba. Ta yi ta jero masa tambayoyi kamar yarinya, yana nuna mata yadda yake duba fili tun kafin a ba shi ƙwallo. Daga baya ta samo masa wata 'yar na'ura da ke kwaso sauti daga hagu. Nabor ya so ya san abin da ya yi ta wuce shi. Ranar farko ya tsaya bakin titi yana sauraron motoci suna zuwa ta gefen da bai saba ba, ya koma gida ya ce wa Herminia ashe firij ɗinsu ƙugi yake yi.

Da na'urar a kunne ya shiga wasansa na farko. Gola na kira, kyaftin na kira, koci na ihu daga can, dubban mutane kowa da shawararsa. Wani ya ce "Ba ni!" ta hagunsa, ya tura ba tare da ya duba ba, ashe ɗan wancan ɓangaren ne ya yi masa wayo. Aka zura musu. Da aka dawo hutun rabin lokaci yana benci.

Ya cire na'urar a wasa na gaba, amma gurbin bai dawo hannunsa ba. Herminia ta ce na'urar ce ta cuce shi. Chato ya kira shi a waya ya ce, "Wace na'ura? Yaran can sun fi ka gudu ne kawai, ɗan uwa, kai da kunkuru uwarku ɗaya." Shi Nabor har yau bai yanke hukunci ba. Yakan nemi faifan wasan ya kalla, yana tsayar da shi daidai wurin, yana so ya gane ko da ya waiga da ya ga mutumin.

Daga nan aka shiga ba da shi aro. Ya yi kaka guda a Zacatecas, inda sanyi ya hana Herminia fita ƙofar gida. Ya je wani ƙaramin kulob a kudu da ya watse ana tsakiyar kaka, 'yan wasa suka iso atisaye suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya yi wasa a wani gari na kan iyaka inda aka mayar da shi ɗan baya. Ko'ina ya je sai ya fara zagaya filin shi kaɗai, yana duba inda ciyawa ta yi sanƙo da inda rana ke kashe ido bayan la'asar.

Ya haura shekara talatin lokacin da Don Leoncio ya kira shi gida. Zuwa lokacin labarin kunnen ya riga shi isa. Ranar da ya fito fili, sai ya ga masu kallon da suka saba zama gefe ɗaya sun kwashe gangunansu suna bin sa gefen dama. Wani ƙato mai sayar da jatan lande ya miƙe ya kwarara ihu: "Ku zagayo nan, jama'a, ta nan shegen yake ji! Shekara nawa muna ɓata yawunmu!" Nabor ya ɗaga masa hannu, ya kasa daina dariya har alƙali ya busa.

Suka ba shi kyaftin. Sau ɗaya ya kai Masunta wasan ƙarshe na hawa rukunin farko, aka cire su a bugun fanareti, Chato ne ma ya harba tasa sama. Kaka biyu bayan haka gwiwarsa ta dama ta ƙi, ya ajiye takalmi ba tare da wani biki ba.

Yanzu rumfar kifin ta zama ɗan gidan abinci mai tebura a waje, shi ke yanka lemun tsami da albasa. 'Yarsu Itzel ta shiga ƙungiyar 'yan mata ta garin, ta kuma zaɓi tsaron raga, abin da ya ɗaure wa mahaifinta kai.

"Duk faɗin filin nan, sai cikin raga?"

"Baba, ni ba na son a riƙa ba ni umarni. Daga nan ni nake yi wa kowa ihu."

Herminia ta leƙo daga wajen suya ta ce wannan kam ba a gidan Zamudio ta gado shi ba.