Likita Ya Tambaye Ni Ko Ina da Ɗan'uwa

Ranar da sakamakon ya fito ni kaɗai na tafi asibiti a Jimeta. Matata na ce mata taron 'yan fansho za ni.

"Baba, kansa ce, ciwon daji," in ji likitan. "A furostet take, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Da alama ba ta yi nisa ba."

Ya ce za a fara ɗaukar hoton ƙashi da na ciki, a ga ko ta bazu. Daga nan mu zaɓa, ko tiyata, ko gashi da na'ura, ko allurai. Ya ce in zo da iyalina, ba shawarar mutum ɗaya ba ce. Har na miƙe sai ya ƙara da cewa, "Kana da 'yan'uwa maza? Ciwon kan bi jini. Su zo a gwada su."

Na ce, "Ina da ɗaya."

Hamma, yayana ke nan, dillalin shanu ne. Ya tafi kasuwar Mubi a satin da 'yan bindiga suka shiga garin. Kwana biyu wayarsa tana ringin ba a ɗauka, sannan ta mutu. Na yi sati ina tsayuwa a bakin gadar Binuwai ina duba fuskokin masu shigowa da ƙafa. Na je sansanin 'yan gudun hijira a Damare da hotonsa. Wani ya ce ya gan shi a hanyar dutse, wani ya ce ba shi ba ne. Har yau ba mu ga gawa ba, ba mu yi zaman makoki ba.

A cikin keke napep, ina komawa gida, na tuna tafiyarmu ta ƙarshe da Hamma zuwa Girei. Sau uku ya sa na tsayar da mota don ya yi fitsari, kuma kowane karo sai ya daɗe a tsugune. Na yi ta yi masa dariya, ina cewa tsufa ya kama shi. Ya ce mini shayi ne ya sha da yawa. Yanzu in na shiga bayi fitsari ya ƙi fita, shi nake gani, a cikin mutane masu gudu, yana ratsewa gefen hanya.

Da yamma na gaya wa matata gaskiya. Washegari na tafi Yolde Pate wurin babban ɗan Hamma, magidanci da ya haura arba'in. Ya saurare ni har na gama.

"Bappa, shi ma Baba yana da shi ne?"

"Ban sani ba," na ce. "Ban taɓa tambayarsa ba."

Hoton ya nuna ƙashina lafiya lau, na zaɓi tiyata. Ranar da za a sa mini ranar tiyatar ɗan Hamma ne ya kai ni, ya ce a ɗibi jininsa shi ma. Nas ta ɗauko fom tana cikawa. Ta tambayi shekarunsa, ta tambayi aikinsa, sannan ta ce, "Mahaifinka yana raye ko ya rasu?"

Ya juyo ya dube ni. Ta jira kaɗan, biro a hannu, sai ta wuce zuwa tambaya ta gaba.