Gida Ɗaya, Suna Uku

Wata Litinin cikin sanyin shekarar 1988, ina 'yar shekara tara, malamar ajinmu a Thamesmead, wata unguwa a Landan, ta ɗaga littafina sama, ta soke sunan mahaifina da jan biro. Ni Hadiza Musa ce, Baba Musa Garba, Mama kuwa Binta Sule, kowa da sunan ubansa kamar yadda muka gada. Malama ta ce gidan da ke da suna uku ba iyali ba ne, 'yan haya ne. Ta rubuta Garba a madadin Musa, aji ya kwashe da dariya. Har a filin wasa, muna tsallen igiya, 'yar haya ake kirana.

Matar nan sunanta ɗaya da wani shahararren marubucin ƙagaggun labarai na Ingila, kuma da wannan suna ta hana mu sakat. Hotonsa na rataye a bayan kujerarta, kullum sai ta goge shi da hannun rigarta. Na tsane ta, na kuma ci alwashin sai na rama. Sati uku, da na kai wankin Mama gidan injin wanki sai in zarce laburaren unguwa, har na faɗa kan wani ƙaton littafin sunaye. Ashe sunan da take tinƙaho da shi ba ya nufin komai sai "ɗan wane", irin namu sak! Na tsare Baba ya jero mini kakanninmu, ina wanke-wanke ina bitarsu.

Ranar da iyaye suka zo makaranta, aka ba ni takarda in karanta. Na ajiye ta, na zayyano kakannina bakwai ba gargada, sannan na juya na ce, "Malama, sunanki na nufin ɗan wane. Shi wanen, wa ya haife shi?" Fuskarta ta yi ja har kunne. Baba ya daka mini tsawa, "Ke Hadiza, zauna!" Amma kafin mu hau bas sai da ya saya mini cakulan. Washegari sunan Musa ya dawo kan littafina, kuma har yau ban yi nadama ba.

Yanzu ni da 'ya'yana uku suna ɗaya muke amsawa, na kakan mijina, saboda fasfo da takardun kansul, wato ƙaramar hukuma. Babu wanda ya ɗaga mini jan biro, da hannuna na cire Musa. Duk sanda zan sa hannu a takarda nakan tuna Malama. A ƙarshe ita ta rama.