Kunnen Desley Prowse

Kowace Asabar, kafin hantsi ya dubi ludayi, akori-kurar Desley Prowse ce ke fara tsayawa a ƙofar filin harbi na kulob ɗinmu da ke bayan garin Kingaroy. Ita ke buɗe kwaɗo, ta ɗaga jar tutar gargaɗi, ta kori kangaru, dabbobin dajin nan masu tsalle, da suka kwana a gindin tudun da ke tare harsasai, sannan ta ɗora butar shayi. Idan maharba suka jeru da ƙananan bindigoginsu, sai ta tsaya a bayansu ta goya hannu, ta ɗan karkata kai kamar kazar da ta ji motsin shaho. Wasu kan ɗauka makinsu take dubawa. Sauraro take yi.

Yawancinmu a gida muke ɗura harsasanmu, kuma kowa gani yake babu gwani sai shi. Duk da haka, wanda harsashinsa ya ƙi tashi wurinta yake kai shi, yana ta ɗora laifi a kan bindiga. Sai ta juya gindin kwanson harsashin ta dubi tabon da allurar bindigar ta yi wa 'yar hular da ke tayar da wutar. In tabon bai yi zurfi ba, ta ce wataƙila hular ba ta zauna daidai ba. In ya yi zurfi kuma aka ji shiru, ta tambaye ka inda kake ajiye kayanka da damina, da kuma ko ka wanke hannu bayan ka taɓa injin tarakta. Ba ta kunyata kowa, amma tsiyar da za ta yi maka a wurin shayi sai ka gwammace ta yi faɗa.

Desley, ke ce kika koya mana cewa in kunamar bindiga ta ce ƙyas ba a ji komai ba, mutum ya bar bakin bindiga yana kallon tudu, ya jira. Kin maimaita har mun gaji da ji, mun kuma gode da ba ki gaji da faɗi ba.

Wanda ya fi kowa sanin darajar kunnen nan shi ne Nev Zischke, tsohon manomin gyaɗa da tun rasuwar matarsa ba shi da wajen zuwa sai kulob. A gasar ƙarshen shekara shi ke kan gaba, abin da bai taɓa samu ba. Ana tsakiyar harbi da sauri, bindigogi na tashi ta ko'ina, sai Desley ta ji wata 'yar ƙara mai sanyi daga wajensa, kamar an buɗe kwalbar lemo. Nev bai ji ba, har ya fara matsa kunama karo na gaba. Ta daka tsawar a tsagaita, ta dafe masa hannu.

Ran Nev ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ta rasa lokacin da za ta nuna iko sai ranar da Allah ya dube shi. Ta sa ya fitar da sauran harsasan, ta zura siririn ƙarfe a bututun bindigar, ƙarfen ya tsaya a tsakiya. Dalmar harsashin tana maƙale a ciki, don babu albarushi a kwanson, hular kaɗai ce ta tura ta. Da harsashi na biye ya same ta a nan, da bindigar ta tarwatse a tafin hannunsa.

Akwai waɗanda suka ce a hana shi ɗura harsashi, wasu ma suka ce shekarunsa sun wuce na filin harbi. Desley ta san in aka raba Nev da kulob an gama da shi. Ta ce a ba ta lokaci, ta bi shi har ɗakin kwanon da yake aiki a bayan gida, ta zauna tana kallonsa. Hannunsa ba ya rawa, ma'auninsa daidai. Can sai mai sharhin wasan kurket a rediyon da ke rataye ya ɗaga murya, an fitar da wani ɗan wasa. Nev ya miƙe yana zagin alƙali, ya dawo ya ɗauki kwanson da bai zuba wa komai ba zai rufe.

"To, tsoho," in ji ta, "zaɓi ɗaya. Ko kurket, ko yatsunka."

Rediyon ya koma kicin. Nev ya ci gaba da harbi, kuma har gobe kafin ya rufe kwanso sai ya leƙa cikinsa.

A watan nan Desley ta ajiye aikin, ba don wani ya ce ta ajiye ba. Ita ta lura kunnenta na hagu ya fara yi mata rowa, ta ce wanda ba zai ji wannan 'yar ƙarar ba bai kamata ya tsaya a bayan mutane ba. Abin ya yi mana ciwo, ita ma ta ji zafinsa, ba ta kuwa ɓoye ba.

Mun gode, Desley, uwar filin harbi. Masu tasowa, ku koyi sauraro irin nata, ku kuma koyi sauka kafin a sauke ku. A walimar ban kwana, ana cin gasasshen nama da burodi, Nev ya zo gabanta da niyyar yin jawabi. Sai kawai ya miƙa mata hannun damansa, ta riƙe shi, ta daɗe ba ta saki ba.