Ranar da Na Bar Kiran Ƙanena da Sunansa

A lokacin da abin nan ya faru, ni malamin firamare ne a Goronyo, mai ji da kansa, ina ganin duk gidanmu na Sisawa babu wanda ya kai ni wayewa. Ina da ƙane guda, yanzu ya haura talatin. Bai yi magana ba sai da ya shekara shida, har gobe ba ya haɗa ido da mutum, kuma in ba a miƙa masa tuwo ba sai ya wuni da yunwa. Dolo ake ce masa a gari. Innarmu kaɗai ke faɗa a kan wannan suna. Da ta rasu ni ma na bi sahun mutane, tunda yana amsawa.

Amma Allah Ya ba shi wani abu. Faɗa masa kowane kwanan wata, ko na shekara arba'in baya ne, kafin ka rufe baki ya gaya maka ranar da ya faɗo. Ranar da ruwan farko ya sauka a kowace damina, ranar sunan kowane yaro a garin, duk suna kansa. Ya taɓa shaida wa gwaggonmu cewa ɗanta da take kira da sunan Juma'a, ran Alhamis aka haife shi, aka yi ta dariya. Daga nan tsofaffi suka sauya baki, wasu su ce waliyyi ne, wasu su ce iskoki ke raɗa masa.

Ni kuwa sai na je wata bita ta malamai, na dawo da sabuwar kalma: mai buƙata ta musamman. Na dinga gyara wa mutane baki da ita ina hura hanci. Don in nuna musu ƙanena mai baiwa ne, ranar kasuwa na goya shi a babur na kai shi rumfar masu albasa. Mutane suka yanyame shi, kowa na jefo nasa kwanan wata, wasu na shafa kansa suna neman tubarraki. Ya amsa kamar goma, sannan ya toshe kunnuwa ya durƙusa yana kaɗa jiki. Ni kuma ina tsaye a kansa ina cewa Dolo ya ba su amsa mana, kada ya kunyata ni. Daga ranar ya rufe baki. Wata huɗu ko uffan bai ce wa kowa ba.

Da hankalina ya tashi, na kai shi wurin wata likita a Sakkwato. Ta ce ba iska ba ce, ba kuma hauka ba. Akwai waɗanda ake haifa haka, abu ɗaya ya buɗe musu sosai, sauran su yi musu wuya, kuma hayaniya ciwo take yi musu. Tana cike kati ta ce da ni, mi as sunanai? Wallahi Dolo ne ya fara zuwa bakina. Kunya ta rufe ni.

A mota, mun kusa Wurno, na juya na kira shi da sunan da Baba ya raɗa masa. Bai dube ni ba. Yana kallon gonakin gero ta taga ya ce rabon da in kira shi haka tun ranar Talata, da aka kai Inna makwancinta. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba da fushi ya faɗa ba, yadda yake faɗin ranar ruwan farko haka ya faɗe ta.

Yanzu yana magana kaɗan-kaɗan, amma bai ƙara amsa wa baƙo tambayar kwanan wata ba, ni ma ban ƙara nema ba. Kalmar da na koyo a bita ta fi dolo ladabi, ban musa ba, amma da ita a bakina na cuce shi. Duk mai irin wannan ɗan'uwa a gida, kada ya ɗauka shirunsa rashin sani ne, kada kuma ya mai da baiwarsa abin kallo. Ya kira shi da sunansa. Yana sane da ranar da aka daina, kuma yana riƙe da ita.